Kakanni da Jikoki a Jirgi Ɗaya: Bunƙasar Hutun Iyali a Kan Teku da Nauyin da ke Tattare da Shi

A ƙarshen kowane mako, musamman ranakun Asabar da Lahadi, tashar jiragen ruwa ta Miami da ke jihar Florida a Amurka kan cika maƙil tun da hantsi, domin a ranakun ne manyan jiragen shaƙatawa ke sauke dubban fasinjojin da suka kwana bakwai a kan teku, su kuma kwashi wasu dubban kafin la'asar. Wanda ya dubi layin masu shiga zai ga keken guragu na tafe kafaɗa da kafaɗa da keken tura jarirai, dattijo riƙe da jakar magungunansa, uwa rungume da fasfo na mutum goma, yara kuma sanye da riguna iri ɗaya da aka buga wa sunan gidansu. Irin wannan layi ake gani a Barcelona ta Sifaniya, da Southampton ta Ingila, da Dubai a lokacin sanyi, da Durban ta Afirka ta Kudu.

Jirgin shaƙatawa ya sha bamban da jirgin fasinja na zamanin da, wanda ake hawa domin a tsallaka teku a isa wani gari, domin shi wannan jirgin shi ne masaukin, shi ne gidan cin abincin, shi ne kuma filin wasan. Yana tafiya da dare ya wayi gari a wata tasha, fasinjoji su sauka su ga gari su dawo kafin faɗuwar rana, har mako ya zagayo ya mayar da su inda suka taso. Ƙungiyar kamfanonin wannan harka ta duniya, wadda ake kira CLIA a taƙaice, ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 30 ne suka yi irin wannan balaguro a 2019, adadin ya doshi miliyan 35 a 2024, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matafiyan kan zo ne tsara uku ko fiye daga gida ɗaya, wato kakanni da 'ya'yansu da jikoki, wani lokaci har da tattaɓa-kunne.

Abin da kamfanonin ke sayar wa irin wannan iyali shi ne sauƙi, kuma sauƙin na gaske ne. Sai dai mutum biyun da aka fi ɗora tallar a kansu, wato ƙaramin yaro da tsoho, su ne kuma waɗanda zaman tsakiyar teku ya fi yi wa barazana, saboda haka duk hukuncin da za a yanke a kan ingancin wannan hutu ya kamata ya fara daga kansu kafin a zo kan girman jirgi ko yawan wuraren wasansa.

Daga jigilar wasiƙu zuwa gari mai iyo

Harkar ta samo asali ne daga kamfanonin jigilar wasiƙu na ƙarni na 19. Kamfanin P&O na Birtaniya ya fara sayar da tikitin yawon buɗe ido zuwa tasoshin Bahar Rum a 1844, daga baya kuma Albert Ballin, shugaban kamfanin Hamburg-Amerika na Jamus, ya lura cewa jiragensa na zaman kashe wando da hunturu saboda ƙarancin masu tsallaka Tekun Atlantika, sai ya riƙa tura su yawo zuwa ƙasashe masu ɗumi, har a 1900 aka ƙera masa jirgi na farko da aka yi musamman domin shaƙatawa, mai ɗakuna 120 kacal, dukkansu na masu hannu da shuni.

Jirgin sama ne ya tilasta wa harkar sauya fuska. Da jirgin Boeing 707 ya fara zirga-zirga tsakanin New York da Paris a 1958, tafiyar da ke cin kwana biyar a ruwa ta koma ta sa'o'i, kamfanonin jiragen ruwa suka rasa fasinja, waɗanda suka tsira daga cikinsu kuma suka juya akalarsu zuwa tsibiran Karebiyan. A wannan zamanin ne aka kafa kamfanonin da suka mamaye kasuwar a yau, Royal Caribbean a 1968 da Carnival a 1972, amma shekaru da dama bayan haka jama'a na kallon jirgin shaƙatawa a matsayin wurin 'yan fansho da sababbin ma'aurata, yaro kuwa baƙo ne da ake haƙuri da shi.

An fara neman iyalai da gaske a tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da wani kamfani mai suna Premier ya haɗa tafiyar teku da ziyarar filin wasan Disney na Florida, sannan Disney da kansa ya shigo kasuwar a 1998 da jirgin Disney Magic, wanda ba shi da gidan caca, aka kuma ware kusan bene guda domin yara. Sauran kamfanoni suka bi sahu, kowa na neman zarce ɗan'uwansa, har aka kai ga jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024, mai tsawon kimanin mita 365 da bene 20, wanda ke iya ɗaukar fasinjoji kusan 7,600 da ma'aikata fiye da 2,300, kuma a cikinsa akwai unguwa guda da aka gina takanas domin iyalai masu ƙananan yara.

Abin da ke jan iyalai

Dalili na farko shi ne warwatsuwar dangi. Binciken cibiyar Pew ya nuna cewa a 2021 ƙasa da mutum ɗaya cikin biyar na Amurkawa ne ke zaune a gidan da ya haɗa tsara daban-daban na manya, wato galibin kakanni ba sa zaune gida ɗaya da jikokinsu, wani lokaci a jihar da sai an yi sa'o'i a jirgin sama kafin a kai. Ga kuma tsarar da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ta yi ritaya da ɗan abin hannu da sauran ƙarfi a jiki, kuma da yawa daga cikinta sun gwammace su kashe kuɗin a kan haɗa zuriyarsu wuri ɗaya tun suna raye. Rabuwar da annobar korona ta haddasa a 2020 da 2021, lokacin da aka haifi jarirai da dama da kakanninsu ba su gani ba sai ta waya, ta ƙara wa wannan sha'awa ƙarfi.

Dalili na biyu ya shafi yadda jirgin kansa yake. Tsarinsa ya yi kama da na gidan gandu, inda kowane magidanci ke da sashensa da ƙofarsa amma tsakar gida ɗaya ce, kuma wannan shi ne ainihin abin da hutun otal ko na gidan haya ke kasa bayarwa. Da safe kaka na iya zama a inuwa da littafinta, matasa su tafi wurin ninƙaya, yara su shiga kulob ɗinsu, ba wanda ya jira wani, ba wanda ya tuƙa mota, ba wadda ta ɗora tukunya, kuma kaya sau ɗaya ake kwance su duk da cewa za a ga ƙasa uku ko huɗu.

Da maraice ne ake haɗuwa. A babban ɗakin cin abinci akan ware wa iyali teburi ɗaya na tsawon tafiyar, da ma'aikata biyu da ba sa canzawa, waɗanda kafin dare na uku sun san wane ne ba ya cin gishiri, wace yarinya ce gyaɗa ke yi wa illa, sun kuma ajiye doguwar kujerar jariri a gefen uwarsa tun kafin a iso. Iyalai da yawa na ganin wannan sa'a ɗaya da rabi ita ce ribar tafiyar gaba ɗaya, kuma da wuya a musa musu, domin a rayuwarsu ta yau da kullum shekara na iya wucewa ba su ci abinci tare ba.

Ƙa'idojin shekaru da talla ba ta faɗa

Hotunan talla na nuna yaro kowane iri cikin murna, amma a cikin jirgi shekarun yaro ne ke yanke abin da zai samu, kuma iyakokin ba sa lanƙwasuwa. Yawancin manyan kamfanoni ba sa karɓar jaririn da bai cika wata shida ba a ranar tashi, idan kuwa tafiyar ta haɗa da tsallaka babban teku ko kwanaki da yawa a jere ba tare da tsayawa a tasha ba, sai ya cika shekara guda. Haka nan mai juna biyu ba a barinta ta hau idan cikinta zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar. Dalilin duka biyun ɗaya ne, wato asibitin jirgi ba shi da kayan kula da bakwaini ko jariri mai tsananin rashin lafiya, kuma tudu na iya yin nisan yini guda ko fiye.

Kulob ɗin yara, wanda shi ne babban abin da ke jan iyaye, galibi kyauta ne da rana, amma a yawancin jirage yana farawa ne daga shekara uku, kuma sai yaron da ya iya zuwa bayan gida da kansa, ko da yake kamfanin Carnival na karɓa tun daga shekara biyu. Waɗanda ba su kai ba sai ɗakin raino, wanda ba kowane jirgi ke da shi ba, ana biyan kuɗinsa ne a kan kowace sa'a, gurabensa kuma kaɗan ne, har sukan ƙare tun ranar farko a lokacin hutun makaranta. Iyalin da suka zo da ɗan wata goma sha takwas suna zaton za su miƙa shi su huta sukan tarar cewa hutun nasu ya dogara ne a kan wanda zai karɓe shi daga cikinsu.

Wurin ninƙaya ma haka yake. Ƙa'idar tsafta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta hana yaron da ke sanye da kunzugu shiga ruwan da jama'a ke wanka, ko da kunzugun na musamman ne na shiga ruwa, sai fa a ɗan wurin fantsama ruwa da aka gina domin jarirai da na'urar tacewa tasa daban, kuma tsofaffin jirage da yawa ba su da shi. Hana yaro ɗan shekara biyu ruwan da yake gani da idonsa har kwana bakwai ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa zaɓen jirgi ya fi zaɓen ƙasashen da za a je muhimmanci ga mai ƙaramin yaro.

Ɗakin kwana shi ne matsi na ƙarshe. Ɗaki na gama-gari bai cika wuce murabba'in mita 15 zuwa 18 ba, ba a kuma yarda ya ɗauki fiye da adadin da aka rubuta masa, yawanci mutum huɗu, kuma jariri ma mutum ne a lissafi, domin ana ƙirga kowane rai ne da gurbinsa a kwale-kwalen ceto. Idan aka shimfiɗa gadon jariri sai hanyar wucewa ta toshe, banɗaki kuwa shawa ce ba baho, kunzugu da madarar gwangwani ba lalle a same su a kantin jirgi ba. Ɗakuna masu ƙofa a tsakani, waɗanda su ne suka fi dacewa da babban iyali, su ake fara kamawa, sau da yawa shekara guda kafin tafiya.

Shinge, ruwa da atisaye

Dokar tsaron rayuka a teku ta ƙasa da ƙasa, wadda ake kira SOLAS, an fara tsara ta ne a 1914 bayan nutsewar jirgin Titanic, kuma kusan kowane gyara da aka yi mata wani hatsari ne ya jawo shi. A daren 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu, cikinsu har da yarinya 'yar shekara biyar, kuma ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a yammacin ranar ba a riga an yi musu atisayen gaggawa ba, domin dokar lokacin ta ba da sa'a 24. Tun daga 2015 ya zama wajibi a yi atisayen kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Shi ne lokacin da ake nuna wa kowa wurin taruwarsa idan ƙararrawa ta kaɗa, ake kuma ɗaura wa ƙananan yara abin hannu mai lambar wurin, domin ma'aikata su kai su can idan suna kulob. A nan babban iyali ke da abin lura na musamman, domin ɗakunan da ke nesa da juna na iya faɗawa wuraren taruwa daban-daban, ta yadda kaka mai ciwon gwiwa za ta sami kanta ita kaɗai a lokacin da ba a amfani da na'urar hawa bene.

Wata dokar Amurka ta 2010 ta wajabta cewa shingen gefen jirgi kada ya gaza inci 42, wato mita ɗaya da 'yan santimita, tsayin da ƙaramin yaro ba zai iya tsallakawa da kansa ba sai ya taka kujera ko wani ya ɗaga shi. Hatsarin da ya girgiza masu wannan harka a 2019, inda yarinya 'yar wata 18 ta faɗo ta buɗaɗɗiyar taga daga bene na 11 a tashar San Juan ta Puerto Rico tana hannun kakanta, ya nuna cewa soyayya da kyakkyawar niyya ba sa maye gurbin sanin wurin da ake. Ƙofar baranda na da makulli a sama inda yaro ba ya kai, kuma kujerun barandar su ne abin da ya kamata a fara janyewa daga jikin shinge.

Ruwan cikin jirgi ya fi na teku haɗari ga yaro. Shekaru da dama babu masu gadin wuraren ninƙaya a jiragen, sai bayan wasu yara sun nutse ne Disney ya sa su a 2013, kamfanonin Royal Caribbean da Norwegian suka biyo baya a 2017, kuma har yanzu ba kowane kamfani ke da su ba. A nan yawan manya na iya zama illa maimakon kariya, domin inda mutum shida ke zaune a bakin ruwa kowa na zaton wani ne ke kallon yaron, nutsewa kuwa ba ta da ƙara. Masana tsaron yara na ba da shawarar a riƙa ambata sunan mutum ɗaya da ke da alhakin sa ido a kowane lokaci, kuma kada ya tashi sai ya miƙa aikin baki da baki.

Amai da gudawa, da asibitin da ke ƙasan jirgi

Cutar da aka fi dangantawa da waɗannan jirage ita ce wadda ƙwayar norobairos ke haddasawa, mai zuwa da amai da gudawa, mai saurin yaɗuwa ta hannu da abinci da mariƙin ƙofa. Ta fi yawa a makarantu da gidajen kula da tsofaffi a tudu, amma ta jirgi ce ke shiga labarai, saboda shirin duba tsaftar jirage da CDC ke gudanarwa tun 1975 ya tilasta kai rahoto, ana kuma bayyana wa jama'a idan masu ciwon suka kai kashi uku cikin ɗari na fasinjoji ko ma'aikata. Babban mutum mai lafiya kan warke cikin kwana biyu ko uku, amma jariri da tsoho ruwan jikinsu na saurin ƙarewa, shi ya sa ƙunshin gishiri da sukari na haɗa ruwan sha ya cancanci gurbi a jakar kowace uwa. Man goge hannu mai sinadari bai cika kashe wannan ƙwaya ba, sabulu da ruwa ne maganinta, kuma wanda ya kamu akan killace shi a ɗakinsa.

Abin da ya faru da jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020, inda fiye da mutum 700 cikin kusan 3,700 suka kamu da korona, fiye da goma suka rasu, galibinsu tsofaffi, ya nuna iyakar abin da wuri rufaffe ke iya jurewa. Kowane babban jirgi na da likita da ma'aikatan jinya, amma aikinsu shi ne ceton gaggawa da daidaita majiyyaci kafin a kai shi tudu, ba kasafai ake samun likitan yara ba, kuma kowace ganawa da kuɗinta. Idan ta kai ga sauke mutum a wata ƙasa ko ɗaukarsa da jirgin sama na asibiti, kuɗin na iya kai dubban daloli masu yawa, saboda haka inshorar tafiya da ta amince da tsohuwar cutar da dattijo ke fama da ita, kamar hawan jini ko ciwon sukari, ba abin da za a yi wa ƙwauro ba ne.

Wa ya biya, wa ke raino

Matsalar da ba ta cikin kowace takardar kamfani ita ce ta tsakanin dangin kansu. Sau da yawa kakanni ne ke biyan kuɗin tafiyar, kuma wanda ya biya yakan ji yana da ta cewa a kan lokacin cin abinci da inda za a je, yayin da iyayen yaran, musamman suruka, ke ganin barcin rana na jariri ya fi kowane shiri muhimmanci. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai iyayen da ke shiga jirgi da tunanin cewa sun zo da masu raino na kyauta, su bar wa tsohuwa 'yar shekara saba'in yara uku kowane dare. Kakanni da yawa na son wannan hidima, don ita suka zo, amma bin yaro mai tatata a dogon lungun jirgi mai motsi aiki ne da ke cin ƙarfi, kuma kunya na hana tsoho cewa ya gaji. Adalci shi ne a yi maganar tun a gida, a san dare nawa kakanni za su karɓa, a san kuma abin da kowa zai biya.

Ranar sauka a tasha ce ke fito da bambancin ƙarfi fili. A wasu tsibirai jirgi ba ya iya matsawa gaɓa, sai a yi fito da ƙananan jirage, kuma idan teku na da igiya ana iya hana mai keken guragu sauka. Motocin haya na tasoshi da yawa ba su da kujerar ɗaure yara, tsofaffin garuruwan Bahar Rum kuma hanyoyinsu na duwatsu ne da matakala, ga zafin bazara. Jirgi na jiran waɗanda suka bi yawon da kamfani ya shirya idan suka makara, amma wanda ya fita da kansa ya wuce lokaci sai dai ya tarar da jirgi ya tashi. Iyalan da suka saba kan rabu biyu a irin wannan rana, masu ƙarfi su shiga gari, tsofaffi da ƙanana su zauna a jirgin da ya zama fayau.

Kuɗin tikiti ma ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Akwai tukuicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kai tsaye, kimanin dala 16 zuwa 20 a kowace rana a manyan kamfanonin Amurka, wanda ga iyali mai mutum goma ya haura dala dubu a mako, sannan ga kuɗin lemo da intanet da hotuna da yawon tasha da raino na dare.

Waɗanda ke ɗauke da sauƙin

Sauƙin da iyali ke ji wasu ne ke ɗauke da shi. Galibin ma'aikatan ɗakuna da na abinci 'yan Filifins ne da Indonesiya da Indiya, suna aiki da kwantiragin wata shida zuwa tara, kwana bakwai a mako, a jiragen da akasari aka yi wa rajista a Bahamas ko Panama ko Malta, inda haraji da dokokin ƙwadago suka fi sauƙi. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta tanadi hutun aƙalla sa'a 10 a kowace rana da sa'a 77 a mako, abin da ke nufin doka ta yarda da aikin da ya haura sa'a 80 a mako. Kamfanonin na cewa albashin ya fi abin da ma'aikacin zai samu a gida nesa ba kusa ba, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ya dace fasinja ya tuna cewa matar da ke wasa da jikarsa wataƙila ta bar nata 'ya'yan a hannun tata uwar tun watanni da suka wuce, kuma cire tukuici daga lissafi, kamar yadda wasu ke yi a daren ƙarshe, daga bakin waɗannan yaran ake cirewa.

Garuruwan da ake ziyarta su ma sun fara ƙorafi. Italiya ta hana manyan jirage bi ta tsakiyar Venice tun Agustan 2021, majalisar birnin Amsterdam ta kaɗa ƙuri'a a 2023 ta fitar da tashar jiragen daga tsakiyar gari, Girka kuma ta sa harajin da ke kai yuro 20 a kan kowane fasinja mai sauka a tsibiran Santorini da Mykonos a tsakiyar bazara. Hujjar mazauna ita ce dubban mutane na cika tituna na 'yan sa'o'i su koma jirgi su ci abinci, ba su bar wa gari abin kirki ba sai cunkoso da hayaƙi. Kamfanonin na nuni da rage sinadarin sulfa a man jirage tun 2020 da sababbin jirage masu amfani da iskar gas, masu rajin kare muhalli kuma na amsawa da cewa iskar methane da ke tsiyaya daga injinan na rage amfanin sauyin.

Ga iyalan Afirka da na Musulmi

Iyalan Najeriya da Nijar da Gana da ke shiga wannan harka, walau mazauna gida masu hali ko waɗanda 'ya'yansu ke zaune a Turai da Amurka suke neman wurin haɗuwa, babban shingensu biza ce. Jirgin da ya tashi daga Barcelona ya taɓa Tunisiya ko Turkiyya ya dawo yana buƙatar bizar Turai mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya, kowace tasha kuma da nata sharaɗin, ko da fasinja bai yi niyyar sauka ba, kuma wanda takardunsa ba su cika ba akan mayar da shi daga bakin jirgi ba tare da an dawo masa da kuɗinsa ba. A tafiyar mutum goma, hana mutum ɗaya biza na iya rusa shirin kowa, shi ya sa tasoshi irin su Durban, inda jiragen kamfanin MSC ke zuwa gaɓar Mozambik, da na yankin Gulf ke da jan hankali.

Batun abinci da ibada na gaba. Wasu kamfanoni na tanadar naman halal idan aka nema makonni kafin tafiya, amma giya da caca na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin galibin jiragen, kuma alƙibla na sauyawa yayin da jirgi ke juyawa, sai an riƙa dubawa. Saudiyya ta ga wannan giɓi, ta kafa kamfanin AROYA, wanda jirginsa ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, babu giya babu gidan caca, da wuraren salla a ciki, ko da yake rashin tsaron da ya addabi kudancin Bahar Maliya tun ƙarshen 2023 ya sa kamfanoni da dama sauya hanyoyinsu a yankin.

Akwai kuma takardar da aka fi mantawa da ita. Yaron da zai yi tafiya da kakanninsa, ko da ɗaya daga cikin iyayensa kawai, ana iya neman takardar haihuwarsa da wasiƙar amincewar mahaifin da ba ya nan, wadda lauya ko kotu ta hatimce, tare da izinin yi masa magani idan buƙata ta taso. Wannan ya fi shafar gidajen da sunan da ke fasfon jika bai yi daidai da na kakansa na wajen uwa ba. Fasfo kuma ana so ya rage masa aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, sannan matafiyi daga Afirka ta Yamma ya riƙe katin rigakafin shawara a jakar hannunsa, domin akwatunan da aka miƙa a bakin tasha ba sa isa ɗaki sai da yamma.